Me ya sa kansila shi kaɗai ba ya iya yanke komai a harkar gari

Wanda aka zaɓa ya zauna a kwamitin da ke tafiyar da ƙaramin gari, tun bai halarci zaman farko ba ake fara tare shi a hanya. Wannan ya ce fitilar layinsu ta mutu, wancan ya ce magudanar ruwa ta toshe, wata ta ce ciyawa ta cinye filin wasan yara. Shi kuma don ya nuna ba a yi zaɓen tumun dare ba, sai ya ce a bar masa, zai sa a gyara. Alhali a doka ba shi da hurumin sa kowa ya gyara komai. Ba zai ba ma'aikacin gari umarni ba, ba zai yi wa ɗan kwangila alkawarin aiki ba, ba zai taɓa kuɗin gari ba. Ikon na kwamiti ne, shi ma kwamitin sai ya zauna zaman da aka kira bisa ƙa'ida, a bainar jama'a, sannan ikon yake hannunsa. Da an tashi, kowa ya koma mutumin gari kamar sauran.

Daga wannan tushen kusan duk ƙa'idojin zama suka fito. Kowace ƙasa da irin tata dokar, amma akwai wurare biyu da aka daɗe ana aiki da ita har ta zauna daram, kuma da su za mu yi misali. Na farko Ingila, inda ake da ƙananan majalisun ƙauyuka da garuruwa kimanin dubu 10, waɗanda Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972 ta tsara yadda za su riƙa zama. Na biyu jihar Massachusetts ta Amurka, mai birane da garuruwa 351, inda yawancin ƙananan garuruwa ke hannun kwamitin mutum 3 ko 5.

A Ingila doka ta yarda majalisa ta miƙa wani aiki ga ƙaramin kwamiti, ko ga ma'aikacinta, wanda galibi shi ne magatakarda. Amma ba ta yarda a miƙa wa kansila guda ɗaya ba, ko da shi ne shugaba. Wannan yakan ba sababbin shiga mamaki. Magatakardan da ba wanda ya zaɓe shi yana iya sa hannu a kira mai gyaran famfo, in majalisa ta riga ta ba shi wannan izini a rubuce, amma shugaban da jama'a suka zaɓa ba zai iya ba. Dalilin a fili yake. Magatakarda yana aiki ne a cikin iyakar da majalisa ta zana masa, kuma gare ta zai dawo ya ba da bahasi. Kansila kuwa in aka sakar masa, ya zama majalisa shi kaɗai. Abin da shugaba ya fi sauran da shi a wurin zama kaɗan ne: shi ke jan ragamar tattaunawa, kuma in ƙuri'u suka yi kunnen doki yana da ƙuri'ar raba gardama.

Kafin a zauna sai an yi shela. A Ingila kwana 3 cur, ba a lissafa ranar da aka fitar da sanarwa, ko ranar zaman, ko Lahadi, ko ranakun hutu. Ana manna sanarwar a inda jama'a za su gani, a kuma aika wa kowane kansila takardar kira mai ɗauke da abubuwan da za a tattauna. A Massachusetts awa 48 ne, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin dokar Brown ta 1953, awa 72. Abin da ya fi tsawon lokacin muhimmanci shi ne ajanda. Majalisar ƙauye a Ingila ba ta da ikon yanke hukunci a kan abin da ba ya cikin takardar kira. In wani ya taso da maganar sayar da fili a ƙarshen zama, ana iya saurarensa, amma ƙuri'a sai zama na gaba, bayan an rubuta maganar kowa ya gani. Wannan kariya ce ga mutum biyu: kansilan da bai zo ba domin ya ga babu wani babban abu a ajanda, da maƙwabcin filin da zai zo ya yi magana da ya san za a taɓo shi.

Sai adadin waɗanda dole su hallara. A Ingila kashi ɗaya cikin uku na dukkan kujeru ne, amma kada su gaza mutum 3. A Massachusetts rinjaye ne. Har wurin zaman doka ta Ingila ta taɓo: ba a zama a inda ake sayar da barasa a lokacin, sai in babu wani ɗakin da za a samu kyauta ko a kuɗi mai sauƙi.

Inda aka fi samun tuntuɓe, kuma inda ya kamata a tsaya a fahimta da kyau, shi ne maganar da ake yi a wajen zama. Ɗauki kwamitin mutum 3 a wani garin Massachusetts. Mutum 2 sun isa su yanke hukunci. Saboda haka in biyu suka haɗu a bakin hanya suka tattauna ko za a sabunta wa wani lasisi, a idon doka sun yi zama, zaman da ba a yi shelarsa ba kuma babu wanda ya shaida. Dokar jihar, wadda sabon tsarinta ya fara aiki a watan Yulin 2010, ta fayyace cewa tattaunawa ta haɗa da magana ta baka da ta rubutu ta kowace hanya, har da imel. Ana iya aika wa juna ajanda, ko ranar zama, ko takardun da za a duba, matuƙar mai aikawa bai haɗa da ra'ayinsa ba. Da ya ƙara layi ɗaya yana cewa a ganinsa a ƙi amincewa, ya taka doka. Haka in aka bi ta zagaye: a kwamitin mutum 5, na farko ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku ya gaya masa abin da suka tsayar. Babu lokacin da ukun suka haɗu, amma magana ta riga ta ƙare, kuma doka ta ɗauki wannan a matsayin saɓawa. Kalifoniya ma ta haramta irin wannan sarƙa.

Mutane da yawa na ganin an tsananta. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, 'yan kwamiti maƙwabta ne, wasu ma abokai tun ƙuruciya, yaya za a ce kada su yi maganar gari? Amma a duba abin da ke faruwa in aka bari. Jama'a su taru a zaure, a karanta batu, a ɗaga hannu, cikin minti biyu an wuce. Hujjojin da suka sa aka amince, da shakkun da wani ya nuna kafin a shawo kansa, duk an yi su a inda ba kunnen kowa. Wanda hukuncin ya shafa ya ga ƙuri'a, bai ji dalili ba, don haka ba shi da abin da zai kama ya ƙalubalanta. A ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace daraja a cikin tsarin, kuma ita ce mutanen kirki suka fi karyawa, domin ba da mugun nufi suke yi ba, so suke aiki ya yi sauri.

A Ingila haƙƙin shiga zaman majalisa ya samo asali ne daga wata doka ta 1960, wadda Margaret Thatcher ta gabatar tana sabuwar 'yar majalisa, a jawabinta na farko a zauren. Kafin nan wasu majalisu kan mayar da zamansu na kwamiti don su kori 'yan jarida. Tun 2014 kuma an ba kowa damar ɗaukar hoto da bidiyo da murya a zaman da yake a buɗe. Sai dai shiga daban, magana daban. A Ingila doka ba ta tilasta wa majalisar ƙauye ta ba jama'a bakin magana ba, ko da yake yawancinsu suna ware 'yan mintoci. A Kalifoniya kuwa haƙƙi ne. A 2023 babbar kotun Massachusetts ta yanke hukunci a wata shari'a daga garin Southborough cewa kwamiti na iya ƙayyade lokaci ya kuma hana hargitsi, amma ba zai hana mutum magana don ya yi kaushin harshe ga masu mulki ba. Duk mai son wannan kujera ya san da haka tun da wuri.

Akwai lokacin da ake rufe ƙofa, amma doka ta ƙayyade shi. A Massachusetts dalilai 10 ne kacal, irin su shirin shari'a, cinikin fili in fitar da maganar zai raunana matsayin gari, ko tuhumar wani ma'aikaci. Dole a fara zama a buɗe, shugaba ya faɗi dalilin, a kira sunan kowa ya faɗi ƙuri'arsa, sannan a shiga ciki. Cewa magana za ta jawo surutu, ko za ta kunyata kwamiti, ba ya cikin dalilan.

Sai batun wanda yake da moriya a cikin maganar da ake tattaunawa. Dokar Ingila ta 2011 ta ce cikin kwana 28 da kama aiki kansila ya rubuta a rajista sana'arsa, filaye da gidajen da yake da su a yankin, kwangilar da ke tsakaninsa da majalisa, da hannun jarin da ya kai wani mizani. Na matarsa ko mijinta ma suna ciki. In batu ya taso da ya shafi ɗaya daga cikinsu, ba zai sa baki ba, ba zai yi ƙuri'a ba, kuma ƙa'idojin majalisu da yawa sun ce ya fita daga ɗakin. Wanda ya saɓa ba tare da uzuri ba ya aikata laifi, kotu na iya cin sa tara ta kuma hana shi riƙe kujera har tsawon shekara 5. Masu tsara dokar sun san ƙaramin gari, inda wata magana kan shafi kusan kowa a teburin. Don haka suka bar ƙofa: ana iya neman sassauci a rubuce in hana su zai sa aiki ya tsaya. Amma sai an nema, kuma ana rubuta shi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba a dokar Ingila: kansilan da ake bin sa bashin harajin gida na wata 2 ko fiye, dole ya bayyana haka in ana maganar kasafin kuɗi, kuma ba zai yi ƙuri'a a kai ba. Wanda zai ɗora wa maƙwabtansa haraji, a fara ganin ya biya nasa. Haka kuma wanda ya yi wata 6 a jere bai halarci zama ba, kujerarsa ta faɗi da kanta, sai in majalisa ta amince da uzurinsa kafin wa'adin ya cika. Ranar da wata 6 ya cika, ko majalisar ba ta da ikon mayar masa da ita.

Abin da aka yanke, rahoton zama ne shaidarsa. A Ingila ana karanta shi a zama na gaba, a amince, shugaba ya sa hannu, daga nan kotu za ta karɓe shi a matsayin hujja ba tare da neman wata shaida ba. Shi ya sa sabon kansila bai kamata ya ɗaga hannu ya amince da rahoton da bai karanta ba. In an rubuta cewa an amince a kashe kuɗi alhali an ce ne a nemo farashi tukuna, wurin gyara shi ne nan.

To, in an taka dokar fa? A Massachusetts kowa na iya kai koke, cikin kwana 30, kuma wurin kwamitin da kansa ake fara kai shi don ya samu damar gyarawa. In mai koke bai gamsu ba sai ya wuce ofishin antoni-janar na jiha, wanda ke da ikon soke abin da aka yanke, ya umarci a fitar da rahoton zaman sirri, ko ya ci kwamitin tarar da ta kai dala 1,000 a kan kowace saɓawa ta ganganci. Sau da yawa maganin shi ne a dawo da batun zaure, a sake tattauna shi tun daga farko da gaske, ba a maimaita ƙuri'a kawai ba. A Ingila mai jefa ƙuri'a yana da wata hanyar ta ɓangaren kuɗi. Kowace shekara akwai kwanakin aiki 30, da suka haɗa da goman farko na watan Yuli, da zai iya zuwa ya duba littattafan kuɗin majalisa, da rasitai da takardun kwangila, ya yi wa mai binciken kuɗi tambaya ko ya shigar da ƙorafi.

Gaskiya ne tsarin yana da jinkiri, kuma ba a kyauta wa mai magudanar da ta toshe ba in aka ce ya jira wata guda. Amma dokar ta tanadi hanyar gaggawa. Majalisa na iya rubuta wa magatakarda iyakar kuɗin da zai kashe in abu ya taso ba zato, ya kawo bayani a zama na gaba. Shugaba na iya kiran zama na musamman. A Ingila in kansiloli 2 suka nema a rubuce ya ƙi, ko ya yi kwana 7 bai kira ba, su biyun suna iya kira da kansu. Don haka amsar da ta dace kansila ya ba wanda ya tare shi a hanya ita ce zai sanar da magatakarda yau, in abin yana cikin hurumin magatakarda a gyara, in kuma ya fi ƙarfinsa a sa shi a ajanda, ya kuma gaya masa ranar zaman da wurin da za a yi don ya zo da kansa.