Mece ce ɗaukar bai-ɗaya a harkar fim?

Ɗaukar bai-ɗaya ita ce a kunna kyamara ta bi 'yan wasa ba tare da an yanke ba har fitowa ta ƙare. Akwai ta haƙiƙa, akwai kuma wadda ake harhaɗa dogayen ɗauka a ɓoye mahaɗarsu, mai kallo ya zaci ba a taɓa tsayawa ba.

Irin ta biyun ce Sam Mendes ya yi a fim ɗinsa na Yaƙin Duniya na Ɗaya mai suna 1917, wanda ya fito a 2019. Mendes ɗan Ingila ne, an haife shi a 1965, kuma a dandamali ya goge, don ya jagoranci gidan wasan kwaikwayo na Donmar Warehouse a Landan har zuwa 2002. Tasirin hakan a bayyane yake, tunda ɗan wasan dandamali ba ya jiran a ce masa "a sake".

A wannan fim, gwaji ne ya zo kafin gini. An yi watanni 'yan wasa na taka fili suna faɗin maganganunsu ana aunawa, sannan aka haƙa ramukan yaƙi daidai tsawon maganar. Rami ya gaza, soja zai kai ƙarshensa da sauran magana a bakinsa. Ya yi tsawo, sai a bar mai kallo da tafiya ba zance.

Mahaɗa kuwa ana ɓoye ta ne lokacin da wani abu ya rufe fuskar kyamara: bango, bayan wani soja, ko duhun ɗaki. Ko ɗauka mafi tsawo a fim ɗin ba ta kai minti 10 ba.

Haske ne ya fi ba da wahala. Kyamara na juyawa ta ko'ina, babu inda za a kafa fitila ba ta fito ba, don haka mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya dogara da lumshin gajimare. Rana na buɗewa sai a dakata, domin inuwa ba za ta dace da ta ɗaukar baya ba.

Sannan kuskure ɗaya a minti na shida, ko tuntuɓe ne ko hoto ya dushe, yana mai da kowa farko. Mai tace fim ma, wato edita, hannunsa a ɗaure yake: in fitowa ta yi jan ƙafa, ba shi da inda zai rage.