Magnon da Fonon: Me Ya Haɗa Maganaɗisu da Girgizar Ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tiransfomar unguwa da dare ya san gurnanin nan da take yi ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfen cikinta ne ke miƙewa yana komawa, sau 100 a daƙiƙa, saboda wutarmu tana juyawa sau 50, kuma a kowane juyi ƙarfen na miƙewa sau biyu. Tun 1842 James Joule ya lura cewa ƙarfe yakan canza tsawo kaɗan in an mai da shi maganaɗisu.

A cikin ƙarfe, kowace ƙwayar zarra tana ɗauke da ɗan maganaɗisunta, kamar allurar kamfas, kuma makwabta sukan fuskanci gefe guda. In ɗaya ta karkace sai ta ja ta kusa da ita, karkacewar ta ratsa jerin kamar iska a gonar gero. Felix Bloch ne ya bayyana wannan igiya a 1930, kuma ƙwayar kuzarinta ita ce magnon. Su kansu ƙwayoyin zarran ba a tsaye cik suke ba, kullum suna karkarwa a mazauninsu. Ƙwayar wannan karkarwa ita ce fonon, mai ɗaukar sauti da zafi.

To ina suka haɗu? Jan da ke tsakanin alluran ya dogara ne da tazarar zarran da yadda suka jeru. Fonon ya matse tazarar, magnon ya ji a jikinsa. Magnon ya karkata alluran, zarran su motsa. A 1958 Charles Kittel ya nuna cewa in saurin bugunsu da tsawon igiyarsu suka yi daidai, sukan cakuɗe su zama igiya guda, rabi maganaɗisu rabi sauti.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne zafin da wayoyinmu da kwamfutoci ke yi. Masu bincike na son aika bayanai ta magnon ba tare da kwararar lantarki ba, amma ta hanyar fonon kuzarin magnon ke tsiyayewa ya koma zafi. Shi ya sa suke yawan aiki da wani kiristal mai suna YIG, wanda aka gano a Grenoble ta Faransa a 1956, domin magnon na yin nisa a cikinsa. Abin sha'awa, a 2016 masana a Jami'ar Tohoku ta Japan sun ga siginar da magnon ke ɗauka ta ƙaru daidai inda igiyoyin biyu suka cakuɗe a YIG, saboda fonon ɗin can ya fi magnon daɗewa kafin ya mutu.