Nazarin ƙunshiya: yadda ake ƙidayar maza da mata a littafin lakwal

Ɗaliban da ke rubuta memwar a fannin ilimi, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a ta Tawa, sukan ci karo da abin da Faransawa ke kira analyse de contenu, wato nazarin ƙunshiya. Ma'anarsa ita ce a ɗauki rubutu ko hoto, a tsara tambayoyi iri ɗaya, a bi shi daki-daki ana amsa su, yadda in wani ya bi sawu zai iso inda aka iso. A Amurka hanyar ta bunƙasa, wajen binciken jaridu da farfagandar yaƙin duniya na biyu, kuma Bernard Berelson ya tsara ƙa'idojinta a 1952. Daga baya masu binciken ilimi suka are ta don su ga yadda littattafan lakwal ke nuna maza da mata.

Amfaninta na farko shi ne kashe gardama. Wani zai buɗe littafin CE1, ya ga mace tana daka, ya ce littafin ya danne mata. Wani ya juya shafi, ya ga madam tsaye gaban allo, ya ce ƙarya ne. Kowa da shafin da ya yi masa daɗi. Nazarin ƙunshiya bai yarda da tsince-tsince ba, sai an bi littafi daga bango zuwa bango, kuma in da hali a ɗauki jerin gaba ɗaya daga CI har CM2, wato aji na farko har na ƙarshe na firamare, a ware na INDRAP, cibiyar gwamnati mai tsara littattafan lakwal, daban da waɗanda makarantun kuɗi ke sayowa daga waje.

A jagorar da UNESCO ta fitar da Faransanci a 2008, wadda Carole Brugeilles da Sylvie Cromer suka rubuta, mutum shi ne abin ƙirgawa. Kamar ƙidayar jama'a ake yi: duk wanda ya bayyana a rubutu ko a zane yana da layinsa. Namiji ne ko mace, yaro ko babba, da wane suna aka kira shi, me yake yi, me ke hannunsa, a ina yake, da wa yake hulɗa.

Waɗannan tambayoyi na baya su ne zuciyar aikin, su ne kuma ɗalibai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, saboda ƙirga kawuna ya fi sauƙi, jadawalinsa ma ya fi kyau a takarda. A ce ga lissafi biyu. Na farko: Malam Isa ɗan kasuwa ya sayi raguna 3, jika 40 kowane, nawa ya biya? Na biyu: inna ta raba wa ƴaƴanta 4 lemu 12, nawa kowa ya samu? Namiji ɗaya, mace ɗaya, mai ƙirga kawuna zai rubuta cewa an yi adalci. Amma Malam Isa yana da suna, yana da sana'a, yana riƙe da kuɗi, yana kasuwa. Ita kuwa ba ta da suna sai na ƴaƴanta, ba ta fita tsakar gida ba, ko dala ba ta taɓa ba. Lissafi ɗaya irin wannan ba laifi ba ne, uwa na raba lemu kullum. Sai in an tara na littafi duka aka tarar kullum haka rabon yake, sannan mai bincike ya samu abin faɗa.

Da gangan na kawo misalin kalkil. Shi ne darasin da kowa ke zaton ba ruwansa da maganar maza da mata, shi ya sa binciken da aka gina jagorar a kansa ya zaɓi littattafan lissafi na firamare a Kamaru, Kodebuwa, Togo da Tunisiya. A duka ƙasashen huɗu maza suka fi yawa.

Harshe ma yana da tarkonsa. A Faransanci in aka ce ils, taron na iya zama maza zalla ko maza da mata, don haka dole a buɗe musu gurbi na uku, kada a zuba su cikin maza. A littattafan Hausa na makarantu masu harshe biyu, waɗanda aka soma gwadawa a Damagaram a 1973, "ya" da "ta" sun sauƙaƙa aiki, sai dai "su" ta rufe kowa. Zabarmanci bai rarrabe shi da ita ba sam, sai a dogara ga suna da hoto. Haka nan a yanke tun farko: in Hadiza ta fito a shafi 20, mutum ɗaya ce ko fitowa 20? Duka biyun ana yi, muddin an faɗa. Kuma mutum biyu su cika layukan kowa shi kaɗai, sannan a gwada, da ma'aunin kappa, mai auna yadda amsoshinsu suka dace da juna, wanda Jacob Cohen ya ƙirƙiro a 1960. In sun saɓa da yawa, tambayoyin ne ba su fito fili ba.

Sai babbar tambaya: da me za a auna sakamakon? Wasu kan ce ai littafi rayuwarmu yake nunawa, mata na daka, maza na kasuwa. A ganina wannan hujja ba ta tsaya da ƙafarta ba. A Adar, inda magidanta ke tafiya bida Abijan ko Libiya su daɗe, wa ke sayen hatsi, wa ke kiwon tumakin sayarwa, wa ke riƙe asusu? Littafin da bai taɓa sa kuɗi a hannun mace ba, ƙauyukan Tawa ma sun wuce shi. A darasin tarihi kuma, a duba ko Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ita kaɗai ce mace mai suna, a duba ko an ambaci tattakin matan Yamai na 13 ga Mayu 1991 da ya zama ranar matan Nijar.

Inda hanyar ta gaza shi ne bakin ƙofar kilas. Tana faɗin abin da ke takarda, ba ta san abin da ya shiga kan yaro ba. A lakwal da yawa yara da dama ke tarayya a littafi ɗaya, ko kuma yana hannun mushe, wato malami, kaɗai, shi ke kwafe darasi a allo, yana canza sunaye yadda ya ga dama. Saboda haka masu bincike kan haɗa da zama a bayan kilas, suna rubuta wa aka kira allo, wa aka sa shara da ɗebo ruwa, sannan su tattauna da yaran, ƴan mata daban, maza daban, bayan sun nemi izinin darakta da na iyaye.