Waiwaye: Sau nawa aka yi jana'izar kiɗan rock?

A 2014 Gene Simmons na ƙungiyar Kiss ya gaya wa mujallar Esquire cewa kiɗan rock ya mutu, ya kuma ɗora alhakin a kan masu sauke waƙa kyauta daga intanet. Bayan shekara uku, alƙaluman kamfanin Nielsen na 2017 suka nuna cewa hip-hop da R&B sun sha gaban rock a karon farko a matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka. Tsofaffin masoya suka ce ai dama sun faɗa. Ina cikin waɗanda suka daɗe da wannan kiɗa, kuma ba na ɓoye cewa kunnena ya fi karkata ga na da. Sai dai duk wanda ya bi tarihin zai tarar an sha yin wannan jana'iza, mamacin kuwa yana tashi ya kaɗe likkafani.

Daga baƙaƙen fatan Amurka kiɗan ya fito, daga salon kiɗansu na blues da waƙoƙin coci. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki a waƙar yabon Ubangiji tun kafin a san Elvis Presley, wanda ya fara naɗar waƙa a kamfanin Sun na birnin Memphis a 1954. A 1955 Chuck Berry da Little Richard suka yi tashe. Manya na lokacin hayaniya suka kira shi, mai lalata tarbiyya. A Janairun 1957 wani shirin talabijin bai nuna Elvis ba sai daga ƙugu zuwa sama, don kada a ga rawarsa. Mutuwar farko ba ta jima ba. Little Richard ya koma wa'azi a 1957, aka ɗauki Elvis soja a 1958, ranar 3 ga Fabrairun 1959 jirgin sama ya faɗi da Buddy Holly da wasu mawaƙa biyu a jihar Iowa, sannan badaƙalar cin hanci a gidajen rediyo ta ci Alan Freed, mai gabatar da shirin da ya yayata kiɗan. Masu cewa abin yayi ne, ya wuce, suna da hujja a lokacin.

Samarin Ingila ne suka tashe shi. 'Yan Liverpool da Landan da suka girma suna sayen faya-fayan baƙaƙen Amurka suka mayar wa Amurka kayanta. Ranar 9 ga Fabrairun 1964 kimanin mutum miliyan 73 suka kalli Beatles a talabijin. Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu. Da Bob Dylan ya hau dandali da jitar lantarki a bikin Newport na 1965, wasu daga cikin masoyansa ihu suka yi masa, wai ya ci amanar kiɗan gargajiya. Ashe gardamar na da da na yanzu ta girmi yawancin masu yin ta a yau.

Shekarun da ake ɗauka a matsayin zinariya ba su da yawa. Bikin Woodstock na 1969 ya tara mutum wajen dubu 400. A 1970 Beatles suka watse, Jimi Hendrix da Janis Joplin suka rasu, Jim Morrison ya bi su a 1971, mawaƙan nan uku duk suna da shekara 27. A daidai wannan lokaci Black Sabbath suka fito daga Birmingham, garin masana'antu. Mai jitarsu Tony Iommi, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ya haɗa wa kansa 'yan hulunan roba, ya koma ga sirarun tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sai sautin ya yi nauyi, ya yi duhu. Nauyin sautin da ake taƙama da shi a kiɗan metal, wani reshe na rock, wani ɓangarensa daga wannan rauni ya samo asali. Masu sharhi na lokacin ba su ga abin yabo a faifansu na farko ba.

Zuwa 1976 da 1977 yaran punk, wani sabon salon rock, irin su Ramones a New York da Sex Pistols a Landan, suna kallon Led Zeppelin da Pink Floyd a matsayin tsofaffin attajirai masu waƙar da ba ta ƙarewa. Su waƙar minti biyu suke yi, ba ruwansu da gwaninta. A Yulin 1979 kuma masoya rock suka taru a filin wasa na Comiskey a Chicago aka fasa tarin faya-fayan disko, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma. Ba na jin daɗin tuna wannan, domin diskon da suke zagi kiɗan baƙaƙen fata ne, daga gida ɗaya da rock ya fito.

A nan ne nake ganin tsofaffin masoya, har da ni, muke yaudarar kanmu. Abin da ake kira tsohon rock a yau, gidajen rediyon FM na Amurka ne suka tsara shi a shekarun 1980. Sun lura cewa samarin 1960 sun girma, suna da albashi da mota, masu talla kuma su suke nema. Sai aka zaɓi 'yan ɗaruruwan waƙoƙi ana juya su dare da rana. Rariya aka sa aka tankaɗe garin shekara ashirin, tsakin ya tafi bola, mu kuma muka ɗauki lallausan muna gwada shi da abin da ya fito makon jiya ba a tankaɗe ba. Ina adalci? Nirvana da suka ture Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Janairun 1992, waɗanda iyaye suka ce ihu kawai suke yi, yau a waɗannan tashoshin na tsofaffi ake sa su. Kowa ya tuna bara, in ji Hausawa, bai ji daɗin bana ba.

Amma akwai inda mai ƙorafi ya yi gaskiya, kuma ba zan janye ba: sauti ya canza. A 1967 Beatles da na'urar naɗa mai layi huɗu suke aiki. Mutane ne a ɗaki ɗaya, mai ganga ya ɗan yi sauri idan waƙa ta yi zafi, ya lafa idan ta lafa, sauran su bi shi. Da kwamfuta ta shigo sutudiyo, sai ya zama ana iya jera kowane bugu daidai kan ma'auni, Auto-Tune kuma da ya fito a 1997 yana gyara murya. Ga kuma gasar ƙarar sauti: injiniyoyi suna matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara a rediyo, har tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ta ɓace. A 2008 masoya Metallica sun yi ca a kan sabon faifansu, domin sun gano kwafin da aka sa a wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi na kanti daɗin ji.

Kuɗi ma ya canza hanya. Napster, dandalin musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ya bayyana a 1999, Metallica suka kai shi kotu a 2000, cinikin faifai ya ruguje. A da kamfani yakan yi haƙuri da ƙungiya. Faifan Pink Floyd na 1973 da ya cika duniya shi ne na takwas da suka fitar. Yanzu sabuwar ƙungiya a Spotify da matattu take gasa, jari kuma wajen tsofaffi yake tafiya. Bob Dylan ya sayar wa Universal haƙƙin waƙoƙinsa a 2020 kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 300, Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a 2021 kan kusan miliyan 500. Ba mamaki wasu samarin, irin su Greta Van Fleet, suka zaɓi kwaikwayon Led Zeppelin tun daga murya har sutura. Sun iya, ban musa ba, amma idan ina son wannan sautin ai na asali yana nan.

Inda nake jin jita tana da rai a yau, kusa da gida ne. Tinariwen na Abzinawan Mali sun ci kyautar Grammy a 2012. Bombino ɗan Agadas ya shiga takarar Grammy a 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Sai Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, bahago kamar Hendrix, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayoyin keke. Faifansa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, cike da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa, wato na'urar da tsofaffin masoya rock suka fi tsana. Ta katin waya da Bluetooth waƙoƙin suka yaɗu a Sahel, ba rediyo ba kamfani. A 2021 kamfanin Matador na New York ya fitar da faifansa, masu sharhin Amurka suka yi ta kwatanta shi da Hendrix da Eddie Van Halen, alhali shi a bukukuwan aure na Nijar ya goge, da Tamashek yake waƙa, kuma a faifansa na 2024 Faransa yake caccaka kan abin da ta yi wa ƙasarsa.