Yarjejeniyar makaman nukiliya: abin da ya sa ma'aikatan lafiya ke sa mata ido

Babban mutum mai nauyin kilo 70 da wuta ta ci rabin jikinsa yana buƙatar ƙarin ruwa kusan lita 14 a sa'o'i 24 na farko, ga jini, ga maganin ciwo, ga ma'aikatan da za su yi makonni suna wanke masa rauni. Wannan lissafin mutum guda ne. A Hiroshima ta ƙasar Japan, ranar 6 ga Agusta 1945, bam ɗin nukiliya ɗaya ya ƙone dubun-dubatar mutane lokaci guda, asibitoci 42 cikin 45 suka daina aiki, kusan kashi 90 cikin 100 na likitoci da ma'aikatan jinya suka mutu ko suka jikkata. Kafin ƙarshen shekarar, kimanin mutum 140,000 sun rasu.

Waɗanda suka tsira daga wutar ma ba su huta ba. Tururin nukiliya ɓargo yake fara lalatawa. Mutum zai yi amai kwana ɗaya ko biyu, ya ji kamar ya warke, sai bayan mako biyu zuwa huɗu gashi ya zube, dasashi ya riƙa zubar da jini, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta su ƙare, ƙaramin zazzaɓi ya kashe shi. Sankarar jini ta biyo baya cikin 'yan shekaru, ta fi kama yara. Tun a shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu ƙasar da asibitocinta za su iya ɗaukar irin wannan nauyi. Shi ya sa mu ma'aikatan lafiya muke ɗaukar yarjejeniyar taƙaita makamai a matsayin aikin rigakafi.

Ƙasashe tara ne ke da waɗannan makamai, jimilla sama da 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na hannun Amurka da Rasha. Yarjejeniya ta ƙarshe da ta ɗaure su biyun ita ce New START, wadda shugabannin ƙasashen biyu na lokacin, Barack Obama da Dmitry Medvedev, suka sa wa hannu a 2010. Ta ƙayyade wa kowanne bama-bamai 1,550 da ke girke a shirye, da makamai masu linzami da jiragen yaƙi 700 masu ɗaukar su. An tsawaita ta sau ɗaya a 2021, wa'adinta ya cika ranar 5 ga Fabrairu 2026 ba tare da an ƙulla wata a madadinta ba.

A ganinmu, abin da aka fi yin asararsa shi ne binciken ido da ido. A lokacin da yarjejeniyar ke aiki, kowane ɓangare na da damar kai ziyarar bincike sau 18 a shekara. Masu binciken su ke zaɓar sansanin da za su shiga, cikin ɗan gajeren lokaci, su nuna makami mai linzami guda su ce a buɗe, su ƙirga bama-baman da ke kansa. Idan mai gida ya ce wani abin da aka lulluɓe ba bam ba ne, sai a auna shi da na'urar gano tururi. Kowane makami na da lambar shaidarsa, ana musayar cikakken lissafi sau biyu a shekara, kuma idan aka kai makami gyara ko aka canza masa wuri sai an sanar. Wanda ya san aikin sa ido kan cututtuka zai gane amfanin wannan: rahoton da ke zuwa a kai a kai shi ke hana jita-jita ta zama firgici. An dakatar da ziyarar a Maris 2020 saboda korona, ba a koma ba, sannan a Fabrairu 2023 shugaban Rasha Vladimir Putin ya jingine shigar ƙasarsa cikin yarjejeniyar. Sojan da bai ga abin da abokin hamayyarsa ke yi ba, mafi munin zato yake ɗauka, ya nemi ƙarin makamai.

Sabuwar yarjejeniya cikakkiya ba za ta zo da sauƙi ba, kuma yaƙin Yukiren ba shi kaɗai ne cikas ba. Amurka na son a sa China, wadda ke da kimanin bama-bamai 600 kuma tana ƙarawa da sauri. China ta ce manyan biyu su fara rage nasu tukuna. Rasha kuma ta ce in za a faɗaɗa teburin, sai a ƙirga na Birtaniya da Faransa. Ga rigimar garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami, wadda ta samo asali tun ficewar Amurka a 2002 daga yarjejeniyar 1972 da ta taƙaita irin wannan garkuwa: duk wanda ya ga maƙwabcinsa na gina garkuwa sai ya ƙara yawan makaman da za su ratsa ta. Ga ƙananan makaman nukiliya na fagen daga, waɗanda New START ba ta ƙirga ba kuma Rasha ta fi yawansu. Ko an daidaita, sai sanatoci 67 cikin 100 na Amurka sun amince. Yarjejeniyar START ta farko shekara tara aka yi ana tattauna ta, daga 1982 zuwa 1991.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa ƙananan matakai ne: alƙawarin kada kowa ya haura tsohon adadi, dawo da musayar lissafi, riƙe sanarwar sa'o'i 24 kafin gwajin makami mai linzami da aka amince da ita a 1988, da ci gaba da kauce wa gwajin fashewar bam. Alƙawari ba tare da bincike ba yana da rauni, amma ya fi babu.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. Faransa ta fara gwajin bam ɗinta ne a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Haɗari mafi girma gare mu kuwa yunwa ce. Hayaƙi da kunkunniyar biranen da suka ƙone za su tashi sama su tare hasken rana shekaru da dama, damina ta ragu, amfanin gona ya faɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa yaƙin nukiliya tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe sama da mutum biliyan 5 ta hanyar yunwa. Mun ga yadda farashin taki da burodi ya tashi a 2022, lokacin yaƙin Yukiren, alhali ba a harba bam ɗin nukiliya ko ɗaya ba.

Afirka na da bakin magana. Yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta waɗannan makamai a nahiyar, tana aiki tun 2009, Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida ta kuma wargaza su da kanta, Najeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta makaman nukiliya a 2020. A Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya umarci hukumar ta sabunta nazarinta kan illar yaƙin nukiliya ga lafiya. Ƙungiyoyin likitoci da na ma'aikatan jinya su nemi ma'aikatun lafiya su mara wa aikin baya.

Gargaɗi ɗaya ga jama'a: duk lokacin da labarin nukiliya ya yi zafi, sai a fara tallar ƙwayar aidin a intanet. Halittar maƙogwaro kaɗai take karewa, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma daga nau'in guba guda ɗaya tak, sai kuma an sha ta dab da shaƙar gubar. Ba ta hana ƙuna, ba ta kare ɓargo, tana iya cutar da masu ciwon maƙoƙo. Kada a sha sai hukumar lafiya ta ba da umarni.