Kunnawa da Kashe Ƙwayoyin Gado a Tantanin Jijiya

Kusan kowane tantani a jikin mutum yana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ba da umarnin haɗa furotin. Abin da ya raba tantanin ƙwaƙwalwa da na hanta shi ne waɗanda aka kunna da waɗanda aka bari a kulle. Gero ɗaya ne, hannu ne ke mai da shi fura ko kunu.

Tarihi

A 1961 François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur a Faris suka nuna cewa ƙwayar bakteriya ba ta haɗa sinadarin narkar da sukarin madara sai sukarin ya samu. Idan babu shi, wani furotin ne ke zama a kan DNA ya tare hanya. Wannan ya ba su kyautar Nobel ta 1965 tare da André Lwoff.

Kai batun ga jijiya ya ɗauki lokaci. Eric Kandel ya shafe shekaru tun daga wajen 1960 yana aiki da Aplysia, wata katantanwar teku mai manyan tantanin jijiya. Idan aka taɓa ta, sai ta janye matattarar numfashinta. In aka haɗa taɓawar da ɗan jan lantarki sau ɗaya a wutsiya, takan yi saurin zabura na 'yan mintuna, sannan ta manta. In aka yi ta maimaitawa, zaburar takan kai kwanaki. Bambancin yana cikin cibiyar tantani, inda DNA yake: maimaitawa ce ke tada furotin CREB, shi kuma ya kunna ƙwayoyin gado, a haɗa sabbin furotin, jijiyar ta tsiro da sabbin mahaɗai. Da aka hana haɗa furotin, tunawa ta ɗan lokaci ta tsira, mai ɗorewa ta ɓace. Kandel ya samu Nobel a 2000.

A 1995 aka gano REST, furotin da ke kulle ƙwayoyin gadon jijiya a sauran sassan jiki.

Cuta

Ciwon Rett, wanda likita Andreas Rett ya bayyana a Biyana a 1966, galibi 'yan mata yake kamawa. Yarinya takan taso lafiya har wata shida zuwa goma sha takwas, sai magana ta ɗauke, ta riƙa murza hannuwa ba ƙaƙƙautawa, wasu har da farfaɗiya. A 1999 ɗakin binciken Huda Zoghbi ya danganta shi da lalacewar ƙwayar gado mai suna MECP2, wadda ke da hannu a kunnawa da kashe wasu ƙwayoyin gado. A 2007 Adrian Bird da abokan aikinsa a Edinbura suka sake kunna ta a ɓerayen da aka kashe musu ita, alamomin ciwon suka ja baya sosai.

Ko alamomin kunnawa da kashewa da wahalar rayuwa ke bari a kan DNA suna bin mutum zuwa ga 'ya'yansa, wannan har yanzu ana jayayya.

A Bauchi da Gombe

Ɗaliban likitanci da na kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe suna haɗuwa da maudu'in a aji. Misalin da iyaye suka fi sani kuwa ba na jijiya ba ne, na sikila ne. Jariri mai SS yakan yi lafiya lau a watannin farko, sai wajen wata shida hannu da ƙafa su fara kumbura, domin a lokacin ne furotin BCL11A ya kusa gama kashe ƙwayar gadon himogilobin (furotin jini mai ɗaukar iska) irin na ɗan tayi, wanda shi ne yake kare jaririn tun farko. Maganin hydroxyurea da ake ba masu sikila yana ƙara yawan wannan himogilobin ne.