Dokar jana'iza a Amurka: abin da mai gawa zai iya cewa ba ya so

A Amurka ba a ɗauko gawa daga asibiti a sa a makara a nufi maƙabarta. Kusan kowace jana'iza sai ta bi ta hannun kamfani, kuma kuɗin ba na wasa ba ne. Ƙungiyar masu sana'ar, NFDA, ta ce a 2023 matsakaicin kuɗin jana'izar da ake ajiye gawa a zo a gani kafin a binne dala 8,300 ne, ban da kuɗin kabari. In ƙonawa za a yi, dala 6,280. Abin da asusun tallafin gwamnati na Social Security ke bai wa matar mamaci ko mijinta kuwa dala 255 ne kacal.

Mai gawa ba ya ciniki. Ido cike da hawaye, duk abin da aka miƙa masa sai ya sa hannu. Wannan ne ya sa hukumar kare masu saye ta tarayya, FTC, ta kafa dokar jana'iza, wadda ta fara aiki a 1984, aka yi mata gyara a 1994.

Tushenta ɗaya ne: ka sayi abin da kake so, ka bar abin da ba ka so. Da ka shiga ofis ka fara maganar shirye-shirye, dole a ba ka takardar farashi, kowane abu da kuɗinsa, ka tafi da ita. In waya ka buga, dole a faɗa maka farashi ko ba ka ba da sunanka ba. Kafin a nuna maka akwatunan gawa sai an nuna maka jerin kuɗinsu, don kada a fara da mai ƙyalli, kunya ta hana ka tambayar mai araha. In ka sayo akwati a wani wuri, kamfani ba shi da ikon ƙin karɓa ko ya ɗora maka ƙarin kuɗi. Abu guda da ba ka iya cirewa shi ne kuɗin hidimar kamfanin kansa.

Inda dokar ta fi yi wa Musulmi rana, irin 'yan'uwanmu mazauna unguwar Bronx ta New York, shi ne batun ɗura wa gawa sinadarin hana ruɓewa. Babu jihar da ta wajabta shi ga kowace gawa. Wasu jihohin kan ce in binnewa za ta yi jinkiri, a sa sinadarin ko a ajiye gawar a sanyi. Laifi ne kamfani ya ce maka doka ta tilasta alhali ƙarya ne, kuma ba zai yi ba tare da izini ba sannan ya nemi a biya, sai a 'yan lokutan da dokar ta keɓe. Mu da buƙatarmu wanka ne, likkafani, salla da kabari, sai mu nemi layin binnewa kai tsaye a takardar farashin, wanda babu sinadari babu baje gawa. In gida za a kai mamaci a jirgi, lissafi ya canza, don galibi sai an nemi sinadarin.

Masu ƙona gawa su ma doka ta sauƙaƙa musu: ba sai da akwati mai tsada ba, na kwali ko na katako mara ado ya wadatar.

Kafin ka biya ko sisi, a ba ka rubutaccen lissafi. In an ce wani abu dole ne, a rubuta dokar ko ƙa'idar da ta wajabta shi. Tarar saɓawa tana iya wuce dala 50,000 a kan kowane laifi.

Sai dai hannun dokar gajere ne. Ba ta ƙayyade farashi ba, bayyana shi kawai ta wajabta. Kuma ba ta hau kan maƙabartar da ba ta da kamfanin jana'iza a cikinta ba, alhali can ne ake biyan kuɗin fili da na haƙa. Maƙabartu da yawa kan dage sai an sa akwatin kankare a cikin kabari don kada ƙasa ta rufta, ko da yake babu jihar da ta wajabta shi. Shi ya sa masallatai da dama kan sayi filin kaburbura a dunƙule, kuma masallacin ya kamata a fara bugawa waya kafin kamfani.